Mujallar da Ba a Fita da Ita

Su uku ne, amma gida biyu. Uban yana kula da sashen mujallu a ɗakin karatu na gari, uwar tela ce, 'yarsu ɗaya ke kai da komo. Ba su rasa ci da sha ba. Wanda zai fara sauke kai suka rasa, tun da uwar ta yi fushi ta koma gidan yayanta.

Dokar sashen ita ce ba a fita da mujalla. Don haka duk Asabar uwar kan aiki yarinyar ta duba mujallun ɗinki, ta zano mata sababbin yayi.

"Wannan hannun riga ne ko kunnen jaki?" in ji uwar wata safiya. "Kin kusa sa ni ɓata wa amarya yadi!"

"To ki je da kanki mana, Umma."

Uwar ta ce, "Gobe ma je. Don aikina, ba don kowa ba."

Yarinyar ta bar ta tana goge mayafin da ta daɗe ba ta yafa ba.

A ɗakin karatu uban ya daɗe yana kallon zanenta. Sai ya waiga hagu da dama, ya tura mata sabuwar mujalla cikin jaka.

"Abba! Ba kai ka ce..."

"Na sani, Mamana. Kai mata. In ta gama... a dawo da ita."

Da gudu ta isa gida. Uwar ta juya mujallar, ba ta buɗe ba.

"Kin faɗa masa zan zo?"

"A'a, na so ya gan ki kawai."

"Uhm. Mutumin da ko jarida bai taɓa fitarwa ba! Ya hutar da ni ke nan, kada ƙafata ta taka masa wuri. Mayar masa."

"Umma, ba haka..."

"Na ce ki mayar!"

Washegari yarinyar ta sami uban da sabuwar hula, ya share teburin bakin taga. Ya karɓi mujallar, idonsa na kan ƙofa.

"Ke kaɗai?"

Ta gyaɗa kai, hawaye na zubo mata. Ya yi murmushin dole. "Ba komai, 'yar albarka. Na gane."

Bai gane ba. Yarinyar ce ta gane: shi ya aika ne don uwar ta zo, ita kuma ta ɗauka don kada ta zo ne, kuma babu wanda zai tambayi ɗan'uwansa.