Jan Farcen Lubna

Da hantsi aka kawo ƙara ofishin 'yan sanda na Batsari: lasifikun kasuwa na ɓangaren kara, inda ake cinikin shanu, sun shaƙe. An yi cigiyar wata yarinya da ta ɓata, ba wanda ya ji a can.

Sagiru mai hayar kayan sauti ne ya kawo ƙarar, ya ce Lubna ce ta cuci kasuwa. Ita ce 'yar kwalejin kimiyya da aka ba aikin jan layin lasifikun.

"Yallaɓai, kaya masu kyau aka ce ta sa, ta sa jabu," in ji shi. "Ni ko kusa da turakun lasifikun nan ban taɓa zuwa ba. Mace da hawa tsani?"

Sufeto Tayyib ya sa aka kira ta. Ta zo da jakar kayan aikinta, ta ƙi zama.

"Malama, kin san abin da ake zarginki da shi? Kotu ce fa."

"Tun ranar da na hau turken farko ake jiran in faɗo, Yallaɓai. Ban faɗo ba. Mu je ka gani."

An yi yayyafi da safe. Sufeto ya bi turakun yana duba akwatin da ke ƙarƙashin kowace lasifika. Duk a jiƙe suke, ban da na kara. Ya taɓa ɗaya, ya janye hannu.

"Me ya sa yake zafi?"

"Ƙaramar taransifoma ce a ciki," in ji Lubna. "Mai kyau tana miƙa wa lasifika ƙarfin da ya biyo layi. Jabu cinye shi take yi, ya zama zafi, sai murya ta shaƙe."

Ta buɗe akwatin.

"Wannan ba tawa ba ce. Duk notin da na ɗaure sai na ɗiga masa jan farce, don kar ya kwance. Duba, nan babu ko ɗigo."

Wani dillalin shanu ya sa baki yana dariya: "Ku ba Sagiru aikin mana! Kwanan nan in ya kunna a ƙauyen Karare, har gona ake ji."

Sufeto ya waiwayo. "Kwanan nan?"

Da la'asar suka iske Sagiru a wani bikin suna a Karare, sauti na tashi tangaram. Sufeto ya ce a kashe, a buɗe bayan lasifikun. Sai ga ƙananan taransifomomi masu kyau a ciki.

"Daga Katsina na sayo su, wallahi!"

"Da kwalliyarsu?" Sufeto ya nuna jan ɗigo a kan kowane noti.

Sagiru ya goge goshi. "Na ɗauka tsatsa ce. Ni ya kamata a ba aikin nan, Yallaɓai. Na ce in murya ta mutu, za a kore ta a kira ni."

Aka sa masa ankwa. Lubna ta kwance kayanta ɗaya bayan ɗaya.

"Shaida ce, Malama, ofis za su kwana."

"To, a yi sauri, Yallaɓai. Kafin wata kasuwar zan sake hawa."