Hannun Malam Alƙasim Na Rawa

Da hantsin Asabar Nafisa ta ga ƙoƙon kunu yana rawa a hannun mijinta, sai gabanta ya yanke ya faɗi. Malam Alƙasim na zaune bisa tabarma a tsakar gidansu na Buza, wuya a sanƙare, ido ba ya ƙiftawa. Kunun ya zube masa a riga.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau," ya ce, harshensa da nauyi.

Ta san ba lafiya ba. Shekara huɗu baya, kafin aurensu, ciwon ƙwaƙwalwa ya kama shi, yana jin muryoyin da babu masu su, har sai da 'yan'uwa suka ɗaure shi a ɗaki. Allurar da ake yi masa sau ɗaya a wata ita ta dawo da shi cikin mutane. Mahaifinta, Malam Isufu na Babankatami, da sharaɗi ya ba da ita, a gaban shaidu: ranar da ciwon ya komo, ranar ɗiyarsa za ta koma gida.

Lokacin da Alƙasim ke aiki a wani poroje na raya karkara a Keita, asirans ɗin kamfani, wato inshorar lafiya, ne ke biyan kashi takwas cikin goma na kuɗin allurar. Porojen ya rufe, ya koma koyarwa a lakkol, makarantar boko ta gwamnati. Nafisa ta ce za ta fitar da albasarta daga rudu, rumbun ajiyarta, ta sayar a biya allurar, ko da kasuwa ba ta tashi ba. Shi kuwa ya hana, ya ce wannan ajiyar haihuwa ce, ga ta da cikin wata bakwai. Ya ce kuma takardarsa ta asirans ɗin ma'aikata ta fito. Ta yarda. To in ana yi masa allurar, wannan rawar hannu ta mece ce?

Tana cikin goge masa riga aka yi sallama. Muryar da take tsoro ce, ta mahaifinta.

Malam Isufu ya ƙi zama. Ya dubi surukinsa daga sama har ƙasa, sannan ya juyo.

"Nafisa, haɗa kayanki."

"Baba, don Allah..."

"Jiya ga masallacin Juma'a kowa ya gan shi! Mutum ya kasa ruku'u, miyau na zuba. Har Babankatami anka kai min labari. Alkawali munka yi ko ba mu yi ba?"

Ta durƙusa da ƙyar, hawaye na zuba. Ta dubi Alƙasim ko zai ce wani abu, amma kansa na sunkuye, yatsunsa na kaɗawa bisa gwiwa. 

"Baba, abu guda nika roƙo. Mu tai wajen majo. In ta ce ciwon ne ya komo, wallahi zan bi ka yau, ba sai ka sake magana ba."

Tana rufe baki ta yi nadamar rantsuwar, amma ta riga ta fita.

A gidan likita, majo Hamdiya, babbar ma'aikaciyar jinya wadda ke yi masa allurar duk wata, ta kama hannunsa ta lanƙwasa a hankali, tana jin yadda yake tirjewa.

"Malam, muryoyin sun komo?"

"A'a."

"Barci fa?"

"Ina yi."

"Bakwai sau takwas?"

"Hamsin da shida. Majo, ni fa ke koyar da shi."

Majo ta yi dariya. Nafisa ba ta iya ba. 

"Baba, wannan ba ciwon ba ne," in ji majo, tana duban Malam Isufu. "Allurar ce. Wata biyu ke nan ya ce in mai da shi kan tsohuwar allura mai arha, ta sefa jika uku. Na gaya masa wasu tana karɓarsu lafiya, wasu tana sanƙarar da su haka. Malam, kai za ka faɗa ko ni?"

Alƙasim ya ɗago da ƙyar. "Takardar ba ta fito ba, Nafisa. Tana Yamai har yanzu. Kuma an ce mini ko ta fito, wataƙila tsohuwar kaɗai za su biya. Sabuwar jika saba'in ce a farmasin Madawa, inda ake sayar da magani. Na ga gara hannuna ya yi rawa da a taɓa ajiyarki."

"Kai ko!" Nafisa ta fashe da kuka. "Mako uku ba ni iya haɗiye tuwo, ina zaton ka tafi ka bar ni! Albasa ta fi ka ne?"

Malam Isufu ya daɗe yana shafa gemu. Tsohon ɗan kasuwa ne, kunnensa ya tsaya a wuri guda.

"Jika saba'in ga Madawa. Tawa fa?"

"Hamsin da biyar, in akwai," in ji majo. "Yamai ta fi sauƙi, amma kuɗin mota ya cinye ragowar."

"Magani guda, kowane gari da kuɗinai? Ashe ku ma kasuwa kuke ci!" Ya miƙa hannu. "Rubuta min sunanta manya-manya. Duk sati biyu ina bin motar kaya zuwa Tawa. Rabin kuɗin bisa kaina yake har takardar nan ta fito." Ya juya ga surukinsa yana nuna shi da yatsa. "Kai kuma, ciwo ba laifinka ba ne, Allah ya ɗora ma. Amma ƙarya taka ce. Ka sake yi wa ɗiyata ita, ka gani."

Majo ta ba shi ƙwayoyin da za su sassauta masa jiki. Ranar Laraba sabuwar allura ta iso daga Tawa a aljihun babbar rigar Malam Isufu, naɗe cikin rawani don kada rana ta taɓa ta. Kafin Nafisa ta sauka lafiya, an ga Malam Alƙasim a gaban allo yana jan layi miƙaƙƙe da alli, kuma ranar suna shi ya raba goro da hannunsa.

Haƙuri ya yi rana. Sai dai duk mai ɓoye wa abokin zamansa wahala don ya tausaya masa, ya sani tsoron da ya bar shi a ciki ya fi wahalar nauyi. A faɗi gaskiya tun da wuri, a ɗauki kayan tare.