Dusar Katakon da Ta Wanke Kafinta

Da hantsi aka kawo rahoto caji ofis: kekunan ɗinki uku sun ɓace daga makarantar koyon sana'a ta mata. Sufeto ya je ya tarar an ɓalle tagar sito, dusar katako kuma barbaje a ƙarƙashinta.

"Wa ya taɓa tagar nan kwanan nan?"

Mai riƙe da makullin sito ya yi caraf ya ce, "Tsohon kafintan nan ne, Yallaɓai. Shekaranjiya ya gyara ta. Ga ma dusarsa nan."

Kafin azahar tsoho yana tsare a bayan kanta a caji ofis. Bai yi gardama ba, sai dai ya ce, "Ɗana, shekara arba'in ina shiga gidajen mutane, ban taɓa ɗaukar ko ƙusa ba. In wannan magana ta tabbata a kaina, wa zai sake buɗe min ƙofarsa?"

Maganar ta tsaya wa Sufeto a rai. Washegari ne za a kai tsohon kotu, kuma shi da hannunsa ya rubuta takardar. Ya ƙulla dusar taga a leda, ya ɗebo wata daga shagon kafinta, ya nufi jami'a wurin ƙanwar matarsa, wadda gida suke kira Dakta. Ya sha tsokanarta cewa ta ƙare karatu a kan itacen girki. Yau ga shi ya zo da ƙoƙon bara.

"Yaya, yau kuma itacen girki ya yi rana?" in ji ta tana dariya.

"Ki yi min rai, ki bar tonon asiri."

Ta ɗora ɗan garin dusar taga a bakin wata na'ura, ta danne. Ta ce na'urar tana haska abu da hasken da ido ba ya gani, ta auna hasken da abin ya shanye. Layi ya fito a kwamfuta, tudu da kwari. Ta sa na biyun, layinsa ya sha bamban.

"A cikin kowane itace akwai lignin, wani sinadari mai riƙe jijiyoyinsa kamar ƙaro. Na katako mai tauri daban, na mai taushi daban. Kafintanka mai tauri yake aiki da shi. Wannan na taga kuwa mai taushi ne, irin wanda ake yin akwatunan jigilar kaya."

"Kin tabbata?"

"In maimaita sau uku?"

Ta maimaita sau uku, ba a sami canji ba. Sufeto ya gane saura ƙiris ya ɗaure bawan Allah.

Ya koma makarantar, ya sami shugabarta. "Malama, a cikin me kekunan suka zo?"

"Akwatunan katako. Mai makulli ya roƙa, na ba shi, wai zai yi wa kaji akurki."

A bayan gidan mai makulli akwai sabon akurki, ga zarto a jingine, ƙasa kuwa an share ta tas.

"Ina dusar da ka share?"

"Na zubar, Yallaɓai."

"A ina?"

Ya ce bola. Da aka ce ya nuna bolar, ya ce kwata. Wani kofur da ya rako Sufeto ya ɗaga buhunan abincin kaji, sai ga kawunan kekuna uku a nannaɗe cikin bargo.

Mai makulli ya zauna daɓas. "Da makulli na kwashe su, daga baya na ɓalle tagar, na zuba dusar don a ce kafinta ne. Na ɗauka dusa duk dusa ce."

"Ni ma haka na ɗauka," in ji Sufeto. Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi mota.

Sufeto da kansa ya buɗe wa tsoho ƙofa, ya cire hula. "Baba, na zalunce ka. Ka yafe min."

"Na yafe, ɗana. Wa ya tsaya min?"

Sufeto ya kira Dakta, ya miƙa masa wayar. Tsoho ya riƙe ta da hannu biyu.

"'Yata, ban san ki ba, amma kin mayar min da sunana. Allah ya tsaya miki yadda kika tsaya min."