Sunan da Babu Mai Yi wa Guɗa

A filin firamaren Romi Celina ta fara ganinsa, a shekarar 1988, yana bisa tsani yana ɗaura lasifika a jikin mangwaro. Saura kwana uku bikin shekara na gari. Matan zumuntar coci suna tsince shinkafa, samari suna kafa rumfuna suna ba'a. Ita kaɗai ce a gefe kan benci, tana rubuta sunayen masu aikin sa kai. Firamare kawai ta gama, amma hannunta na da kyau, shi ya sa Baba Matthew, kansilan yankin, yayan mahaifinta da ya riƙe ta tun tana marainiya, ya ɗora mata aikin.

"Malama, riƙe mini tsanin nan don Allah, kar in faɗo a ce baƙo ya ɓata biki."

Ta riƙe, kanta a sunkuye. Da ya sauko ta ce a hankali, "Sunanka?"

"Ifeanyi, makanike a Kakuri. Amma kar ki ɓata bironki. Shekara huɗu ina kawo janareta, ba a taɓa kira na ba."

Al'adar bikin ce, ranar rufewa shugaba ya kira sunan duk wanda ya yi aiki, matan danginsa su rangaɗa masa guɗa. A kira suna a ji shiru abin kunya ne, don haka wanda ba shi da dangi a gari ba a kiransa. Ifeanyi kuwa yaƙin basasa ya cinye iyayensa, maigidan da ya koya masa aiki ya koma gabas ya bar masa shago.

Bayan biki sai keken ɗinkin Mama Juliana, shugabar zumunta, wadda Celina ke koyon ɗinki a wurinta, ya soma buƙatar gyara duk sati. Ifeanyi zai ɗiga masa mai, ya bar takarda a aljihun zare.

"Malama Shiru, keken Mama lafiyarsa ƙalau, ni ne ba lafiya. Idan na rufe shago na koma ɗaki, babu wanda zan ce wa na dawo. Ke fa? Naki, Ifeanyi."

Kwana huɗu tana juya takardar kafin ta amsa.

"Injiniya, gidanmu mutum goma sha ɗaya ne, amma ni ma babu wanda nake ce wa na dawo. Ka riƙa cin abinci. Celina."

Mama Juliana tana gani, tana yi kamar ba ta gani. Da magana ta kai kunnen Baba Matthew, ya kira Celina ya zaunar da ita.

"Yaron kirki ne, ban musa ba. Amma wa zai zo nema masa aure? Idan ya ɓata miki rai, gaban wa zan kai ƙara? Ga Nicholas, ɗan garinmu, yana aiki a matatar mai, har kakansa na sani. Mutumin da ko guɗa babu mai yi masa, shi zan ba 'yar ƙanena?"

"To, Baba," ta ce.

Shekara ta zagayo. Celina ta sa sunan Ifeanyi cikin takardar waɗanda za a kira, Baba ya ja masa layi da jan biro. Nicholas, wanda shi ne sakataren kwamiti, ya kai wa Ifeanyi takardar har gindin mangwaro.

"Oga makanike, ka gane rubutun nan? Ita ta rubuta, ita ta soke."

Washegari Celina ta tarar da takarda a aljihun zare.

"Celina, na ga sunana da jan layi. Ban yi fushi ba. Zan kunna muku janareta kamar kullum, bayan biki zan rufe shago in koma gabas, ko zan dace da wanda ya san mahaifina. Allah ya ba ki mai dangi."

Ta zauna gaban keke har la'asar ba ta taka shi ba. Amsa uku ta rubuta, ta yaga duka.

Ranar rufewa da safe Baba ya ce ta sake kwafe sunayen a tsabtace. Ta kwafe. A tsakiya, tsakanin Garba da Tagwai, ta mayar da sunan Ifeanyi.

Fili ya cika. Baba Matthew ya riƙe makirufo yana kira da sauri, guɗa na tashi nan da can.

"Garba, mai rumfuna!" Guɗa.

"Ifeanyi, mai janare..."

Ya tsaya, amma suna ya riga ya fita ta lasifika. Fili ya yi tsit, sai ƙarar injin. Ifeanyi yana bayan rumfa da tsumma a hannu, ya sunkuyar da kai.

Celina ba ta taɓa guɗa ba a rayuwarta. Kuma kowa ya sani budurwa ba ta yi wa namiji guɗa sai ɗan'uwanta ko wanda za ta aura. Ta miƙe daga benci, ta kama hancinta, ta saki murya. Siririya ce, ta ma karye a tsakiya, amma har bayan rumfa ta kai.

Kafin muryar ta mutu Mama Juliana ta cafe, matan zumunta suka ɗauka gaba ɗaya, har da buga faranti.

"Kansila!" in ji Mama Juliana. "Ka ce ba shi da dangi. Ƙirga mu!"

Baba Matthew ya cire tabarau ya daɗe yana kallon Celina. Shekara goma sha biyar tana gidansa, bai taɓa jin muryarta daga nesa ba. Ya share ido ya koma kan makirufo.

"To, dangin Ifeanyi, kun san gidana. Kada ku manta da akuyar neman aure."

Bayan Ista aka ɗaura auren a coci, mijin Mama Juliana ya tsaya a matsayin uban ango, Baba Matthew da kansa ya miƙa hannunta yana sa albarka.

Litinin da ta biyo baya, da yamma, Ifeanyi ya rufe shago ya nufi gida. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara murya.

"Malama Shiru, na dawo."

"Sannu da zuwa, Injiniya."

Allah ya bar su tare, ya cika musu gida da masu guɗa.