Aya Ɗaya Kowace Safiya

Hajara na tankaɗe a gidan da suke haya a Ƙofar Doka, yayanta Sabo ya yi sallama. Daga Wusasa yake, ko ruwan da ta miƙa masa bai karɓa ba.

"Baba ya ce ki haɗa kayanki. Shekara biyu da gama yaƙi kina jinyar makaho. Likita ma ya ce ba sauran dabara."

"Yaya, a coci aka ɗaura auren nan, kana tsaye."

"Mai ido muka aura miki. Kwana bakwai na ba ki."

Mijinta Dogara na ɗaki, ya ji komai.

"Bi su, Hajara," ya ce. "Ni ma na gaji da kaina."

Kafin ya shiga soja, kowace safiya yakan karanta aya ɗaya daga Littafi Mai Tsarki sau uku a hankali, ya yi shiru, sannan ya yi addu'a. Tun da ya rasa idanunsa ya daina, ya ce ba shi da abin faɗa wa Allah.

Washegari ta zauna gefensa ta buɗe Zabura, ta faɗa kan kukan wani da masoyansa suka guje shi yana cikin duhu. Ta so ta wuce wurin.

"Sake. Kada ki yi sauri."

Ta sake, ta kuma sakewa. Suka yi shiru.

"A ƙarshe ya ce an ji kukansa?"

"Bai ce ba, Maigida."

"Amma bai bar kira ba."

Ranar ya fara kuka tun dawowarsa, daga kukan ya shiga addu'a.

Ran da kwana bakwai suka cika Sabo ya zo da tasi.

"Ka gaishe da Baba," ta ce. "Ina nan."

Shekara uku ba wanda ya leƙo ta. Rasuwar innarta ma a kasuwa ta ji. Kowace safiya takan karanta wa mijinta aya ɗaya. Akwai safiyar da hawaye kan hana ta ganin rubutun, sai Dogara ya ƙarasa da ka.

Idanun ba su dawo ba. Ya dai koyi saƙar kujeru, suka rufa wa kansu asiri. Ranar sunan 'yarsu ta fari, Baba ya shigo yana dogara sanda, ya durƙusa gaban surukinsa ya ce a yafe masa.

Haƙuri bai mayar musu da abin da suka rasa ba, amma shi ya riƙe su har wannan rana.