Injin Tsaga Citta

Milka ta fara ganin Yafet ne a wani shagon walda bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Yana zaune dirshan a ƙasa, ya wargaza wani mataccen injin yanka citta na ƙasar waje.

"Gyara kake yi ko ɓarna?"

Ya ɗago kai, ya yi murmushi. "Karatu nake yi, sista. Masu wannan sun riga mu nisa. Ina so in ƙera namu."

Gyaran ƙofa ne ya kawo ta, amma daga ranar ƙofofin gidansu suka yi ta lalacewa.

Mahaifinta, Baba Azariya, babban dillalin citta ne a Kagoma, kuma ya riga ya yi wa kansa suruki: Henry, wakilin kamfanin da ke shigo da injunan.

Da aka kawo masa maganar Yafet, sai ya ce: "Mai kwaikwayon aikin wasu zan ba 'yata? To, injin nasa ya yi mini aikin girbin bana. In ya kasa, magana ya ƙare."

Ranar gwaji injin ya tashi lafiya lau, yana zubo citta fala-fala kamar kwabo, daidai da na waje. Matan da ke aikin tsaga suka kwashe da dariya. Masu saye a nan tsagin tsaye suke so, gida biyu. Yafet ya kwaikwayi komai, har da abin da bai dace da kasuwarsu ba.

Kunya ta hana shi kiranta. Milka ta ɗauka ya haƙura da ita ne, abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Da ta gaji ta tura masa saƙo:

"Injiniyana, injin ne ya faɗi ko ni ka yar?"

Amsa ta zo nan take: "Zumata, da wane ido zan kalle ki?"

Washegari ta iso shagon da kwandon citta da wuƙa. Ta zauna tana tsagawa, yana kallon yadda take juya kowace saiwa ta kwanta kafin wuƙa ta sauka. Ya cire wuƙaƙen nan masu juyawa, ya ƙera kwararo mai kwantar da citta a tsaye. Ya lalata ƙarfe ba kaɗan ba kafin abin ya yiwu.

Shi kuwa Henry, da aka nemi irin wannan a wurinsa, cewa ya yi sai kamfani ya yi nazari tukuna.

A gwaji na biyu Baba Azariya ya ɗebi tsagin, ya juya, ya sake juyawa.

"Ka turo kawunnanka a yi maganar aure," ya ce wa Yafet.

An ɗaura aure bayan Kirsimeti. A ƙofar majami'a tsohon ya haɗa hannayensu.

"Ubangiji ya albarkace ku. Yafet, ɗana, ka riƙe mini ita da kyau."