Sirrin da Mudathir Ya Riƙe

Ranar farko ta horon, a wani zauren taro a Gumel, aka ce kowa ya nemi abokin gwaji. Rayhana, ma'aikaciyar lafiya daga Gagarawa, tana cikin waige-waige sai wani dogon saurayi ya jawo kujera ya zauna gabanta.

"Sunana Mudathir, daga Maigatari. Ni ne mai shan ƙwayar, ke ce mai ba da shawara. Bismillah."

Su talatin aka tara, za a yi wata uku ana koya musu yadda ake taimakon masu shaye-shaye ta hanyoyin da likitoci suka gwada suka ga amfaninsu. Rayhana ta gyara hijabi ta hau shi da wa'azi: ka ji tsoron Allah, ka tausaya wa iyayenka. Ya bari ta gama, sannan ya yi murmushi.

"Duk an faɗa mini wannan, har gidan mari an kai ni. Ba wanda ya taɓa tambayata me ya sa nake sha."

"A gwajin kake nufi?"

"A gaske. Shekara biyar na yi ina shan tiramol lokacin da nake acaɓa a bakin boda. Yau shekarata huɗu da bari."

Ta rasa inda za ta sa idonta. Dakta Ummukulsum, mai koyar da su, ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ki rage faɗa, ki yawaita tambaya. Ki gano da wa yake sha, a ina, da wane lokaci. In jikinsa ya kasa jure bari, likita za ki kai shi."

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta: "Malamata, wa'azinki ya ratsa ni, amma muryarki ce ta fi."

Ta daɗe tana murmushi kafin ta rubuta: "Ka yi haƙuri. Gobe tambaya zan yi."

Ta kuwa yi ta tambaya, shi ma yana yi, har horon ya ƙare ba su gama ba. Aka ba kowa takardar shaida, ya koma garinsu aiki. Mudathir ya turo kawunsa Gagarawa neman aurenta.

Alhaji Ɗantsoho, mahaifin Rayhana, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne mai tsare mutuncin gidansa. Da baƙon ya tafi ya kira ta.

"Ɗan ƙwaya kika kawo mini?"

"Baba, ya daina."

"Ba a dainawa. Ga Habibullah ɗan ƙanwata, yana aikin fiton kaya a boda, shekara biyu yana jira. Ba zan yi miki dole ba, amma wancan kada ya sake taka mini ƙofa."

Daga nan rayuwarta ta zama gida zuwa asibiti, asibiti zuwa gida. A ɗakin aikinta tana zaunar da iyaye ta ce musu wanda ya faɗa shaye-shaye yana warkewa. A gida kuwa ko sunan Mudathir ba ta isa ta ambata ba.

Wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, Habibullah ya turo mata hoto, ya kuma nuna wa Alhaji. Mudathir ne zaune a wani kango bayan tasha, inda masu sha ke taruwa, kwalaben kodin zube a gefensa.

Ta rubuta wa Mudathir: "Me ya kai ka can?"

"Aiki, Rayhanata."

"Ofishinka yana asibiti. Wa ka je gani?"

"Akwai wanda ba zai iya shiga asibiti ba, tsoron idon sani. Kin san an hana mu faɗin suna. Ko zan rasa ki ba zan faɗa ba, kuma wallahi rasa ki ya fi mini komai ciwo."

Ta san dokar, tare suka koye ta. Amma ta kuma san an koya musu cewa mutum yakan koma shaye-shaye ko bayan shekaru. Ta kasa yarda da shi, ta kasa cire shi daga ranta. Wata biyu ba ta amsa saƙonsa ba. Abinci ma sai mahaifiyarta ta tsaya a kanta.

Sai ga yayanta Zayyad, mai cinikin dabbobi a Maigatari, ɗan da Alhaji ke alfahari da shi, ya zo gida a rame. Bayan la'asar ya durƙusa gaban mahaifinsu, Rayhana na bakin ƙofa.

"Baba, hoton nan ni aka yanke daga gefensa. Shekara uku ina shan kodin. Mudathir ne yake bi na har kangon, shi ya kai ni wajen likita a Gumel. Sau ɗaya na koma, bai zage ni ba, ya ce mu duba abin da ya jawo. Yau kwanana arba'in ban sha ba. Ina ganin abin da shirunsa ya jawo masa, na kasa magana don tsoronka."

Alhaji ya cire hula ya riƙe a hannu. Hawaye na bin gemunsa.

"Ni na ce ba a dainawa," ya ce a hankali. "To yanzu me zan ce a kan nawa?"

Washegari da kansa ya hau mota zuwa Maigatari. Ya tarar da Mudathir a ofis, ya miƙa masa hannu biyu. "Ɗana, ka yafe mini. Ka sake turo kawunka."

Rayhana ta rubuta: "Na yi zarginka. Kunyarka nake ji."

Ya amsa: "Tambaya kika yi, Malamata, ni ne ban da ikon amsawa. Ki ci abinci, an ce kin rame."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a Gagarawa. Zayyad ne ya yi ta hidimar baƙi, har yanzu yana zuwa ganin likitansa duk mako biyu. Da za a tafi da amarya, Alhaji ya ɗora hannu a kanta, ya dubi Mudathir.

"Ka riƙe mini amanar ɗaya, ga ta biyu. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa hannuwanku su zama waraka ga 'ya'yan mutane."

Gidan gaba ɗaya ya amsa da amin.